Ciwon da Aka Ce wa Yayana Ragwanci

Yayana ɗan dako ne a bakin iyaka, a Magama, inda manyan motoci ke tsayawa kafin su tsallaka Nijar ko su shigo Jibiya. Yana da shekara goma sha bakwai Babanmu ya rasu, shi kuma ya fara ɗaukar kaya. Da kafaɗarsa muka ci muka sha, ni da Inna, da ita kuma aka yi mini karatu har na zama malamar firamare. Ba don a tausaya mana na faɗi wannan ba. So nake a san irin mutumin da daga baya aka kira rago.

Ƙarfi kam Allah ya ba shi. Zai saɓa buhun masara, ya bi katakon da ake jinginawa a bayan mota, ya hau har ciki yana waƙa, ya sauko da gudu ya ɗauki wani. Kullum akwai basilla da zare a aljihunsa, don buhu ba ya rabo da yagewa, kuma in ya yage a hannunka kai za ka ɗinke shi kafin hatsi ya zube. Shugaban 'yan dako a wajen ƙanen Babanmu ne, Baffa muke ce masa. Shi ne ya saka Yaya a aikin, kuma a lokacin babu wanda yake alfahari da shi kamarsa.

Abin ya fara ne Yaya yana da shekara ashirin da huɗu, wata biyar ko shida da aurensa. Wata rana da hantsi Inna ta ce ya sauko mata da faifan barkono da ta shanya a kan katanga. Ya miƙa hannu bai kai ba, ya yi niyyar yin ɗage, dugadugansa suka ƙi barin ƙasa. Ya sake gwadawa, suka ƙi. Ya yi dariya ya ce gajiya ce, ya jawo turmi ya taka. Ni ma dariyar na yi. Bayan wasu watanni na lura in zai tashi daga sujada sai ya dafa gwiwa. Sharaɓarsa, wadda a da take kamar an ɗaure dutse a ciki, ta fara zubewa. A wajen aiki kuma katako ya fara gagararsa. Zai kai tsakiya da buhu, ya tsaya yana rawar ƙafa, waɗanda ke bayansa suna yi masa ihu.

Baffa ne ya fara yanke hukunci. Ya zo gida, ko zama bai yi ba, ya ce wa Inna, "Yaron ga tun da ya yi aure ya lalace. Ɗaki ya yi mishi daɗi. Babu abin da ke damunshi sai ragwanci."

Inna ta ce, "To ai ƙafafun nashi ne suka rame, ka duba."

"Sun rame don ba ya aiki da su. Ki bar ni da shi."

Maganin Baffa shi ne ƙarin aiki. Duk motar da katakonta ya fi tsayi, Yaya za a tura. In wasu sun huta, shi ya ci gaba, wai jijiya ce ta kwanta, sai an tashe ta. Yaya bai taɓa yi masa musu ba, don uba ne. Zai dawo da yamma yana jan ƙafa, matarsa ta gasa masa da ruwan zafi, gari ya waye ya koma. Kusan shekara biyu aka yi a haka.

A cikin wannan lokacin mun zaga. Mai kemis na unguwarmu ya yi masa allurai, wai na ƙarfi. Masu maganin gargajiya sun ba da na sha da na shafawa. Daga baya na matsa muka je wani ƙaramin asibitin kuɗi aka ɗebi jininsa. Da sakamako ya fito, mutumin da ke duba marasa lafiya a wurin ya dubi takardar, ya dubi Yaya sama da ƙasa, ya ce, "Hantarka ta taɓu. Gaya mini gaskiya, mi kake sha?"

Yaya ya ce, "Shayi."

"Ba wasa nake ba. Irin wannan ba ya zuwa haka kawai. Ko giya, ko ƙwaya, ko ruwan kwalbar nan da kuke sha ku 'yan dako."

Mutumin da ko sigari bai taɓa kai wa bakinsa ba. Na ce wa mai dubawar ƙarya yake, ya ce ni ba ni na yi karatun ba. Takardar nan kuwa ba ta kwana biyu ba ta faɗa hannun Baffa. Ya ninke ta ya sa a aljihu, ya riƙa nuna wa mutane a bakin iyaka kamar shaidar kotu, shi da ko karanta ta bai iya ba. Daga rago Yaya ya koma ɗan shaye-shaye. Iyayen matarsa suka turo a ji gaskiyar magana. Wani maƙwabcinmu ya hana 'ya'yansa zama a ƙofar gidanmu. A masallaci, wani dattijo ya ja shi gefe yana yi masa nasiha kan tuba, Yaya ya tsaya ya saurara har ƙarshe, ya ce na gode. Da ya ba ni labari a gida sai na ji kamar in je in kama rigar dattijon.

Sai aka ba mu labarin wani likita a ƙetare, a can wajen Maraɗi, wai ya san ciwon ƙafa. Muka je ni da Yaya. Shi bai yi maganar shaye-shaye ba, Allah ya saka masa da wannan. Ya ce tsoka ce ta kumbura daga ciki, ya rubuta wasu ƙwayoyi, ya ce a sha wata uku a dawo. Wata ukun suka cika, fuskar Yaya ta kumbura ta yi sumul, ƙafafun kuma suka ƙara sanyi. Muka koma, ya ƙara yawan ƙwayoyin.

A wannan dawowar ce aka yi abin da har yau ban manta ba. Rana tsaka ce, muna cikin motar haya cike da mata 'yan kasuwa. A wani shinge daga cikin shingayen da ke hanyar aka tsayar da mu, aka ce kowa ya sauko ya taka da ƙafa ya wuce. Kowa ya sauka. Yaya ya daɗe kafin ya fito, don sai ya kama ƙofa ya zuro ƙafa ɗaya, sannan ɗayar. Ya yi taku huɗu ko biyar a cikin yashi, ya yi tangaɗi, ya faɗi.

Wani mai kaki ya taso yana kaɗa bulala. "Kai, mi ka sha?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba shi da lafiya. Daga asibiti muke."

"Dubi fuskarshi. Wanga ne mara lafiya? Ya fi ni ƙiba." Ya zazzage jakarmu, ƙwayoyin suka zubo, ya ɗaga su yana nuna wa abokan aikinsa. "Ga su nan. Tashi ka yi tsallen kwaɗo daga nan zuwa waccan bishiya, in ga ko za ka wartsake."

Na miƙa masa takardar likitan, da Faransanci take, ko kallonta bai yi ba. Yaya kuma, abin da ya fi ƙona mini rai, sai ya yunƙura zai yi. Ya tsuguna ya kama kunnuwansa. Ya kasa ɗagowa ko kaɗan, ya kife a kan fuskarsa, yashi ya shiga bakinsa. Wasu suka yi dariya.

Ban san lokacin da na fara ihu ba. Na ce masa ya ji tsoron Allah, na ce mutumin nan da kake wulaƙantawa shekara tara yana ɗaukar kaya a iyakar nan, kowa ya san shi. Na faɗi wasu maganganu da ba zan rubuta ba. Wata tsohuwa mai sayar da tabarmi ta shiga tsakani, matan motar suka taso baki ɗaya, har wani babba a cikinsu ya fito daga rumfa ya ce a bar mu mu tafi. Direba da wani fasinja suka ɗaga Yaya suka sa a mota. Har muka iso gida tofar da yashi yake ta taga.

Washegari na nemi hutu a makaranta. Akwai wata abokiyar aikina, Kirista ce daga kudancin Kaduna, yayarta ma'aikaciyar jinya ce a wani babban asibitin koyarwa. Ita ta nuna mana yadda za mu sami takardar tura mara lafiya, ta kuma faɗa mana ranar da likitocin jijiya da tsoka ke zama.

Likitar da muka samu mace ce, mai ɗan furfura, ba ta da gaggawa. Ta sa Yaya ya tashi ya zauna, ya yi tafiya, ya gwada ɗage. Ta tattaɓa sharaɓarsa. Ta tambaya ko iyayenmu 'yan uwan juna ne, na ce i, Inna ɗiyar kawun Babanmu ce. Sai na ba ta tsohuwar takardar hanta, wadda na ƙwato daga wurin Baffa da ƙyar. Ta duba ta ce za ta sake wani gwajin jini, kuma za a yanki ɗan nama kaɗan daga cinyarsa a aika wani wuri a duba. Ƙwayoyin nan kuma ta ce a fara rage su a hankali har a daina. Mun jira sakamakon naman kusan wata biyar.

Ranar da muka koma, ta jawo kujera kusa da Yaya, ta ɗauki biro da farar takarda. Ta ce, "Da farko dai, hantarka lafiyarta lau. Ba ta taɓa samun komai ba."

Na ce, "To takardar can fa?"

"Abin da suka gani ya yi yawa a jininsa, akwai shi a hanta, akwai shi kuma a tsoka. Daga tsokarsa yake zubowa. Da sun ƙara gwaji ɗaya da sun gane."

Gwaji ɗaya. Na zauna ina maimaita maganar a raina.

Ta zana wani abu dogo a takarda. Ta ce tsokar mutum zaruruwa ce ƙanana da ido ba ya gani, kowanne ƙwayar halitta ce mai rai, kuma kowacce a lulluɓe take da wani tantani siriri da ke riƙe abin da ke cikinta, ya hana na waje shiga. Ta ce duk sa'ad da mutum ya yi aiki, ko tafiya ce, ko ɗaga kaya, tantanin nan yana ɗan yagewa nan da can. Ba ciwo ba ne, haka jikin kowa yake, har nata.

Yaya ya ce, "To wa ke gyarawa?"

Ta ce akwai wasu sinadarai da jiki ke ƙerawa da kansa, furotin ake ce musu, iri-iri ne, kowanne da aikinsa. Da zarar tantani ya yage, wani gishiri da ke cikin ruwan da ke kewaye da ƙwayar, kalsiyam, sai ya kwararo ciki. Shigarsa ita ce ƙararrawa. Akwai wani furotin da ke zaune a jikin tantanin, ana kiransa disfalin, da ya ji kalsiyam sai ya jawo wasu 'yan jakunkuna da ƙwayar ke ajiye da su a ciki, waɗanda aka yi su da irin abin da aka yi tantanin, ya kai su bakin ramin ya liƙe su. Wasu furotin ɗin kuma su taru su jawo gefe da gefe, wasu su yanke ɓangaren da ya lalace a yar. Kafin mutum ya gama taku goma an rufe wurin, shi bai ma san an yi ba.

"A naman da muka duba," in ji ta, "ba mu sami disfalin ba. Jikinka ba ya yin sa, tun haihuwa. Saboda haka in tantanin ya yage, yakan daɗe a buɗe. Abin ciki ya zubo cikin jini, na waje ya cika ta, ƙwayar ta mutu. Da ƙuruciya jiki yana ta maye gurbinsu, shi ya sa ba ka ji komai ba. Da aka daɗe sai ya gaza, kitse ya maye wurin tsoka."

Yaya ya ƙura wa zanen ido. Can ya ce, "Kenan buhu ne ke yagewa, ba mai ɗinki."

Ta ce, "Haka ne. Ka fi ni iya faɗa."

Sai na yi tambayar da ke cina. Na ba ta labarin shekara biyun da aka yi ana ƙara masa kaya. Ta ce ba za ta ce mini da ba a yi hakan ba da ciwon bai zo ba, zai zo ko da a ofis yake aiki. Amma wanda tsokarsa ba ta iya liƙe kanta, ba a ɗora masa aikin da ya fi yaga ta. Ƙwayoyin ƙetare kuma, na wani ciwon ne daban mai kama da wannan. A irin nasa ba sa amfani, suna ma iya ƙara raunana shi. Ta ce har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da shi ba. Abin da ake yi shi ne motsa jiki mai sauƙi, da kiyaye faɗuwa, da sanda, daga baya keke. Ta ce ba ya taɓa hankali, kuma mutane suna daɗewa da shi.

Ta kuma ce gado ne, sai uwa da uba duka suna ɗauke da shi a ɓoye sannan yake fitowa a jikin ɗa, shi ya sa ya fi bayyana a auren zumunci. Ta ce ni ma in ina so a duba ni. An duba jinina, ba a ga alamar komai ba. Amma na yi watanni ina shiga ɗaki in rufe ƙofa in gwada ɗage.

Da muka dawo, Inna ce ta fi ba ni wahala. Da ta ji maganar gado sai ta ce, "Ashe ni na ba shi." Ta yi kwanaki ba ta cin abincin kirki. Yaya ne ya zauna da ita, ya ce, "Inna, ke kika zaɓi abin da ke cikin jininki? To bari wannan magana." Ita da ba ta yi komai ba ita ke kuka, waɗanda suka yi kuwa ko a jikinsu.

Na sa likitar ta rubuta bayani, na juya shi da Hausa da hannuna, na tafi bakin iyaka wurin Baffa. Na same shi a rumfarsu da mutanensa. Na durƙusa na gaishe shi yadda aka saba, sannan na ce ina so in karanta masa abu, kuma ina so su ma su ji, tunda sun ji na farko. Na karanta tun daga hanta har zuwa tantani. 

Baffa ya ce, "To, Allah ya kawo. Allah ya ba shi lafiya."

Na ce, "Baffa, shi ke nan?"

"Mi kike so in ce? Ni likita ne?"

"Da kake yawo da takarda kana cewa ɗan shaye-shaye ne, likita ne kai?"

Wani daga cikin mutanen ya ce in yi hankali, uba nake wa magana. Baffa ya tashi ya kaɗe rigarsa ya ce mota ta iso, akwai lodi. Daga ranar har yau bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Abin da ya yi, bayan wata guda, shi ne ya sa aka kafa wa Yaya 'yar rumfa kusa da tasu, inda yake sayar da buhunan da babu komai da igiya da zare. Yaya ya ce wannan ita ce ban haƙurinsa, wai dattijo ba ya iya fiye da haka. Ni ban karɓa ba. Muna gaisawa, ina kai masa abincin salla, amma ban karɓa ba. Mai asibitin kuɗin nan ma na je na same shi. Ya ce shi bai tuna da mu ba.

Yanzu Yaya yana kan keken hannu mai ƙafa uku. Hannuwansa sun fara sanyi su ma, amma yana tuƙa kansa zuwa rumfa. Matarsa tana nan, ba ta taɓa yarda da maganar shaye-shayen ba ko da iyayenta suka matsa, suna da 'ya'ya biyu. In na fara faɗa a kan abin da ya wuce, yakan ce in rage, wai fushina ya fi ciwonsa gajiyar da shi.

A bara wani manomi daga Farfaru ya zo sayen buhuna, hira ta kai ya ce matarsa ta kasa daka, ta kasa tashi daga tsugune sai an kama ta, danginsa kuma sun ce ƙiwa ce, ya ƙara aure kawai. Yaya ya turo mini shi gida. Na ce masa kada ya bari kowa ya yi mata allura, kada kuma a tilasta mata aiki, na rubuta masa hanyar asibitin da ranar da ake zama. Na zaci ba zai je ba. Ya je. Nata ba irin na Yaya ba ne, wani ciwon ne na maƙoshi da ke raunana tsoka, kuma yana da magani. Kafin kaka, matar ta miƙe. Sun zo gidanmu su biyu da gyaɗa a ƙwarya, ta shigo da ƙafarta, ta durƙusa ta gaida Inna, ta tashi ba ta dafa komai ba. Na yi mata murna ƙwarai. Da suka tafi na shiga madafa na daɗe ban fito ba, har Inna ta leƙo ta ce tuwon yana kamawa.